Ɗan sanda ya saita ni da na'urar auna gudu amma bai tsayar da ni ba, tara zata biyo ni?

"Salamu alaikum Malam. Kullum ina bin babbar hanya zuwa wurin aiki, tafiyar kamar kilomita 40 ce. Allon hanya ya ce 100 amma gaskiya ni 115 zuwa 120 nake yi saboda kowa ma haka yake yi. Satin da ya wuce ina fitowa daga wata kwana sai ga motar 'yan sanda a gefe, ɗaya ya ɗaga wani abu kamar bindiga ya saita ni, na taka birki amma na san na makara. Bai tsayar da ni ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shin tara zata biyo ni har gida? Kuma wai da gaske ne in ka ɗora 10 kawai a kan ƙa'ida ba mai kula ka? A taƙaice dai ina so in san yadda yiwuwar a kama mutum take."

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tambaya uku ka cusa cikin ɗaya, ta ranar da aka saita ka, da ta maganar ƙarin 10 ɗin nan da direbobi suke yaɗawa kamar ayar doka, sai kuma babbar wato a cikin masu gudu nawa ne ake kamawa. Na daɗe a bakin titi da wannan abin da ka kira bindiga a hannuna kafin na koma ɓangaren koyar da sababbin ma'aikata, to zan faɗa maka yadda abin yake daga inda mai auna gudun yake tsaye, don daga bayan sitiyari ba a ganin rabinsa. Amma ka riƙe cewa kowace ƙasa da dokarta, abin da zan faɗa tsarin aikin ne gaba ɗaya, ba zai maye maka gurbin dokar hanya ta inda kake ba.

Abin da ke hannunsa

Na'urorin hannu iri biyu ne a mafi yawan wurare. Akwai rada, wadda take harba igiyar rediyo ta bugi mota ta dawo, in motar tana tahowa igiyar da ta dawo sai ta ɗan canza, daga wannan canjin ne na'urar take fitar da gudunka. Ka taɓa lura da yadda jiniyar motar asibiti take da kaifi in tana tahowa, tana wuce ka sai muryar ta faɗi? To shi ne dai, wani masani ɗan Ostiriya mai suna Doppler ya yi bayaninsa tun 1842. Matsalar rada ita ce bakinta faɗi gare shi, kamar ka haska tocila cikin dare, tana iya ɗaukar mota uku huɗu a lokaci guda, kuma ta fi son wadda ta fi girma ko ta fi kusa, shi ya sa in tirela da ƙaramar mota suna tafe tare dole mai aikin ya yi amfani da idonsa da kunnensa ya tantance lambar da ta fito ta wace ce.

Ta biyun ita ce leza, kuma yadda ka ce ya ɗaga ta ya saita ka kamar mai harbi, ina kyautata zaton ita ce. Wannan siririn haske take harbawa wanda ido baya gani, a nisan mita 300 faɗinsa bai wuce kamar mita ɗaya ba, ana saita shi a lambar mota ko fitilar gaba. Tana auna nisanka sau da yawa a jere, ta ga yadda nisan yake raguwa, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya ta gama. Kaga kenan birkin da ka taka bayan ka gan shi, in dai ya riga ya matsa kunamar, ba abin da ya rage maka. A 120 kana cin mita 33 duk daƙiƙa, kafin idonka ya gaya wa ƙafarka ta sauka daga totur an gama karatu. Abin da birkin yake yi kawai shi ne ya sa hancin motar ya duƙa, mu kuma daga nesa muna ganin wannan duƙawar sarai, kamar mutum ne ya ɗaga hannu ya ce ni ne.

Wani abu da direbobi suke kawowa a matsayin hujja wai ai a gefe yake tsaye ba gaba da gaba ba, don haka lissafin ba daidai bane. Gaskiya ne ba daidai bane, amma kuskuren kai yake taimaka wa. In mai aunawa yana tsaye wuri ɗaya kuma ya karkace daga layin tafiyarka, lambar da zata fito ƙasa take da ainihin gudunka, ba sama ba. Kar ka je gaban alƙali da wannan.

Akwai kuma hanyar da ba na'urar hannu, motar sintiri ta bi bayanka ta daidaita gudunta da naka na wani nisa ta karanta a malejinta da aka gwada, ko a auna lokacin da ka ɗauka tsakanin alama biyu a kan kwalta, a wasu jihohin Amurka har daga jirgin sama ake wannan a kira na ƙasa a rediyo. Abin dariya ma, mutum na farko da tarihi ya riƙe an ci tara kan gudu a mota, Walter Arnold a Ingila cikin 1896, mil 8 a awa yake yi inda doka ta ce 2, kuma a kan keke ɗan sandan ya bi shi ya kama.

Me ya sa ɗari su wuce a tare ɗaya

Nan ne ainihin amsarka take. Tsayar da mota ɗaya, a nemo wurin fakin da ba haɗari, a karɓi lasisi da takardu a duba, a rubuta, a saurari bayanin direba, a sallame shi ya koma kan hanya lafiya, da wuya ka gama ƙasa da minti 10, sau da yawa ya kai 15 in mutumin mai gardama ne. Wato a awa ɗaya mutum ɗaya bai wuce ya rubuta huɗu zuwa shida ba, alhali motocin da suka wuce shi a wannan awar a hanya mai cunkoso sun kai ɗaruruwa, kuma kusan rabinsu ko fiye suna saman ƙa'ida da ɗan wani abu. To dole ya zaɓa. Ba zai ɓata minti 15 a kan mai 108 ba alhali ya san yana cikin rubutu mai 150 zai zo ya wuce.

Kuma ba kowace mota ake saitawa ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, wanda ya shekara yana kallon motoci suna tahowa yana iya kintatar gudun mota kusa da daidai kafin ya ɗaga na'ura, ita na'urar tabbatarwa take yi. Abin da yake jawo ido shi ne bambanci. Motoci goma suna tafe a jere a 112, ba wadda ta fita daban, to ga ɗaya tana yanka su tana shiga wannan hannu tana fita wancan, tana manne wa na gabanta tana masa fitila ya kauce, wannan tun daga nesa an gama da ita. Haka wanda yake shi kaɗai a fili ba kowa gabansa ba kowa bayansa, shi ma saitinsa ya fi sauƙi kuma ba shakkar cewa lambar tasa ce. Haka na gaba a ayari. Sai kuma wanda ya haɗa gudun da wani laifin da ake gani, waya a kunne, ba bel, fitila ɗaya a mace, gilashi baƙi ƙirin, lamba a lanƙwashe ko an shafa mata laka da gangan. Laifi biyu a tsayawa ɗaya ya fi jan hankalin ma'aikaci.

Maganar wai jar mota aka fi kamawa, ni dai na'urar da na riƙe bata ganin kala. Abin da zan yarda da shi shi ne motar da aka cire wa salansa tana ƙara tun daga kilomita guda, ta riga ta sanar da zuwanta.

Wurin tsayawa ma ba caca bane. Ana son wurin da ake hango hanya miƙe, da fili a gaba da za a tsayar da mutum ba tare da an jawo haɗari ba, shi ya sa zaka gan su bayan kwana, ƙarƙashin gada, ƙarshen gangara inda mota take ƙara gudu da kanta, da inda ƙa'ida take sauka daga 100 zuwa 60 ko 50 a bakin gari. Sannan ana turo su inda aka yi haɗari a kai a kai ko inda mazauna suka yi ta kai ƙara, gaban makaranta, wurin da ake gyaran hanya. In ka ga an tsaya a wuri sau ɗaya, za a sake tsayawa, don wuraren da suka dace ba su da yawa. Ita wannan kwanar taka ka sa ta a ranka.

Mutane suna tambayata ko ana ba ma'aikaci adadin da dole ya cika a wata. Ya danganta da wuri, a wasu jihohin Amurka kamar Kalifoniya doka ta haramta hakan ƙarara. Amma ko inda babu adadi a rubuce, wanda aka tura aikin gudu na awa shida ya dawo da littafi fari fat zai sha tambaya wurin na sama da shi, wannan kam ko'ina haka ɗan Adam yake. Kuma in aka ce makon kamfe ne kan gudu, ko lokacin bukukuwa da hanya take cika, sassaucin da aka saba yi raguwa yake.

Maganar ƙarin 10

Tana da tushe amma an fahimce ta a karkace. Abu biyu ne aka cakuɗa. Na farko malejin motarka da kansa yana ƙara maka. Ƙa'idar da ƙasashen Turai da wasu da dama suke bi wajen ƙera mota ta ce maleji ba zai taɓa nuna ƙasa da ainihin gudu ba, amma an yarda ya nuna sama har kashi 10 cikin ɗari da ƙarin kilomita 4, wato kana ainihin 100 yana iya nuna maka har 114 bai karya ƙa'ida ba. Yawancin motoci ba su kai can ba, ƙarin kaɗan ne, ka gwada da GPS na wayarka a miƙaƙƙiyar hanya, wani ya riƙe wayar ba kai ba, zaka ga bambancin. Sai dai in ka canza taya ka sa wadda ta fi ta kamfani girma, lissafin juyawa yake, malejin ya koma yana rage maka, kana ganin 100 alhali ka wuce.

Na biyu shi ne rangwamen da hukuma take cirewa saboda kuskuren na'ura. A Faransa kyamarar da aka kafa ana cire kilomita 5 in gudun bai kai 100 ba, in ya wuce a cire kashi 5 cikin ɗari. A Jamus kilomita 3 ne, in ya wuce 100 kuma kashi 3 cikin ɗari. A Ingila shugabannin 'yan sanda suna da shawarar a fara hukunci daga kashi 10 da ƙarin mil 2, wato inda aka ce 30 a fara daga 35, amma shawara ce ba doka ba, a doka ko mil ɗaya ka ɗora ka yi laifi. Kaga babu wata 10 guda ɗaya da ta game duniya. Kuma ƙarin 10 a kan 100 daban yake da ƙarin 10 a kan 30 a gaban makarantar firamare, na biyun ni ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kansa ba.

In muka dawo kanka, 115 a maleji wataƙila ainihinsa 110 ne ko kusa, wannan a babbar hanya cikin ayari sau da yawa ma'aikacin hannu zai bar shi ya wuce. 120 kuma ka fara shiga inda ya danganta da ranar, da wanda ke tsaye, da ko akwai wanda ya fi ka gudu a kusa. A bakin iyaka kake yawo.

Lissafin yiwuwa

In tafiya ɗaya ce, yiwuwar ƙarama ce ƙwarai, dole a ce akwai ma'aikaci a hanyar a wannan lokacin, kuma hannunsa ba kowa, kuma kai ya zaɓa. Duk wanda ya ba ka lamba ɗaya ya ce ita ce ta ko'ina ya yi maka ƙarya, don hanya da hanya ma sun bambanta balle ƙasa da ƙasa. Amma kai ba tafiya ɗaya kake ba. Bari mu ƙaddara, misali ne kawai na lissafi, a ce duk tafiya yiwuwar a tare ka ɗaya ce cikin 500. Kana zuwa kana dawowa kwana 250 a shekara, tafiya 500 kenan. In ka buga lissafin, yiwuwar a kama ka aƙalla sau ɗaya a shekarar ta kai wajen kashi 63 cikin ɗari, a shekara uku ta haura 90. Rana dubu ta ɓarawo kenan. Shi ya sa mai gudun kullum yake ganin kamar yana da sa'a wata takwas, ranar da aka tare shi ya ce tsautsayi ne ko an tsane shi.

Wannan duk maganar mutum ne a tsaye. Inda aka kafa kyamara lissafin ya rushe gaba ɗaya, don ita bata gajiya, bata tafiya cin abinci, bata minti 15 a kan kowa, duk wanda ya haura inda aka saita ta an ɗauke shi ko su hamsin ne a jere. Abin mamaki wanda ya fara ƙera irin na'urar da ta zama kyamarar gudu ɗan tseren mota ne, Maurice Gatsonides na ƙasar Holan wanda ya ci gasar Monte Carlo a 1953, don ya auna gudun kansa ya inganta shan kwana ya ƙirƙire ta. Wadda ta fi wuyar sha'ani kuma ita ce mai auna matsakaicin gudu, irin wadda ake gani a Ingila da manyan hanyoyin Italiya inda suke kiranta Tutor. Kyamara ɗaya ta karanta lambarka a nan, wata ta karanta bayan kilomita da yawa, a raba nisa da lokaci. Taka birki a gindin kyamara bai da amfani, in ka iso da wuri ka iso da wuri.

Dabarun da ake yi fa? Fitilar da masu tahowa suke maka tana aiki wani lokaci, a wasu wuraren kuma ita kanta tana iya jawo wa mai yinta magana. Na'urar da take ƙara in ta ji rada tana da ɗan amfani a kan rada da aka bari a kunne, amma a kan leza in ta yi ƙara to sanar da kai take an gama auna ka, kuma a Faransa da Jamus da jihar Bajiniya ta Amurka amfani da ita laifi ne mai zaman kansa. Manhajojin waya masu nuna hanya da inda 'yan sanda suke, irin su Waze, sun dogara ne da wani ya riga ya gani ya saka, motar sintiri kuwa minti biyu ya ishe ta ta canza wuri.

In an tare ka

Tsayarwa daban, rubutawa daban, a tsakaninsu akwai ɗan fili inda doka ta bar wa ma'aikaci ya yi gargaɗi kawai, kuma direbobi da bakinsu suke rufe wannan filin. Ina tuna wata safiya na tare mutum biyu a tsakanin rabin awa, gudunsu kusan ɗaya. Na farko dattijo ne, ya sa sigina ya gangara gefe sosai yadda ba zan tsaya a bakin kwalta ba, ya kashe mota ya sauke gilashi, hannunsa biyu a kan sitiyari, na ce ka san me ya sa na tsayar da kai, ya ce ina jin na ɗan taka, ban lura da allon ba. Takardunsa cif. Na ce ya kula ya tafi. Na biyun tun kafin in ƙaraso ya fito ya bar ƙofa a buɗe a kan hanya, waya a hannu yana neman wani babba da zai haɗa ni da shi, yana nuna motocin da ke wucewa wai su ban gan su ba sai shi. Na gan su mana, amma shi na auna. Na rubuta masa, kuma da na duba taya biyu sun suɗe har zare ya fito, ita ma na rubuta.

Ba ina ce maka ladabi yana goge laifi bane, in gudun ya yi yawa ko an ba da umarnin ba sassauci, ko ka durƙusa sai an rubuta. Kuma ba dole ka amsa laifi da bakinka ba in kana da niyyar ƙalubalanta, kana iya yin shiru cikin mutunci ka karɓi takardar. Bakin titi ba kotu bane, in kana ganin an zalunce ka, can ne zaka nemi a nuna takardar gwajin na'urar da ranar da aka gwada ta, da shaidar horon wanda ya riƙe ta, da ko allon ƙa'idar yana tsaye ana ganinsa. Kar kuma ka miƙa wani abu a dunƙule, laifin gudu tara ce, wancan kuma yana iya zama shari'a.

Kuɗin tarar ma sau da yawa shi ne ƙaramin ciwon. A Ingila mafi ƙanƙanta fam 100 ne da makin laifi 3 a lasisi, in ka tara 12 cikin shekara uku a dakatar da kai, sabon direba kuma 6 kawai cikin shekara biyun farko a karɓe lasisin, ga kamfanin inshora yana jira ya ƙara maka. A Finland da samunka ake aunawa, a 2002 an ci wani babban jami'in Nokia, Anssi Vanjoki, Yuro 116,000 don ya yi 75 inda aka ce 50 a kan babur, ko da yake daga baya kotu ta rage masa.

Ka ɗauki biro ka yi wannan ma. Kilomita 40 a 100 minti 24 ne, a 120 minti 20, wato minti 4 kake saye, shi ma in hanya ta ba ka, danja ɗaya ko tirela biyu suna obatekin ɗin juna sun cinye shi. A ɗaya gefen, nisan da birki yake buƙata a 120 ya fi na 100 da kashi 44 cikin ɗari, don ƙarfin mota ba a miƙe yake hawa da gudu ba, ninkuwa yake. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa duk ƙarin kashi 1 a matsakaicin gudu yana ƙara haɗarin da ake mutuwa da kusan kashi 4. Na je wuraren haɗari da yawa, bana son in tsawaita a nan.

To tarar satin da ya wuce zata zo?

In na'urar hannu ce zalla marar kyamara, galibi a take ake tarewa, ko shi ko abokin aikinsa da ke gaba da rediyo, tunda ka wuce su duka ba wanda ya ɗaga maka hannu, mafi rinjaye ko gudunka bai kai inda suka sa wa ransu ba a ranar, ko ma ba kai ya saita ba, wani ne a bayanka ko gefenka, daga cikin mota kowa gani yake shi aka nuna. In kuma irin mai kyamara ce a kan ƙafa uku ko a cikin mota da aka faka, ko a ƙasar da ma'aikaci yake iya rubuta lamba a aiko daga baya, to takarda ko saƙon waya yana iya zuwa ga wanda sunansa ke kan rajistar motar, a Ingila misali doka ta ce sanarwar farko ta isa cikin kwana 14. Abin da zaka yi yanzu shi ne ka duba adireshi da lambar wayar da ke kan takardun motarka ko har yanzu naka ne, musamman in hannu ka saye ta baka canza suna ba, don na ga mutane da yawa da ƙaramar tara ta ninka a kansu saboda takardar tana can gidan da suka tashi shekara biyu da suka wuce, sai ranar sabunta takardu suka ji labari. In hukumar wurinku tana da shafin duba laifi da lambar mota, ka shiga ka duba bayan sati biyu, ka sake dubawa bayan wata ɗaya.